Amsa: fesa kiliya mara ƙyalli a kan fenti

Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Ka ce ka gama fentin tankin babur ɗinka, kana so ka rufe shi da kiliya mara ƙyalli (kiliya ita ce shafin nan mara launi da ake fesawa a saman fenti don kare shi), amma kana tsoron ɓata aiki. Tsoron naka yana kan hanya, domin wannan kiliyar ba ta yafiya. Mai ƙyalli idan ta zubo ko ƙura ta hau, sai ka goge da samfefa ka yi folish. Ita kuwa duk inda ka goga sai ya yi ƙyalli, tabon ya fito ɓaro-ɓaro.

Abin da ke kashe mata ƙyalli wani gari ne mai laushi, galibi silika, kuma kwanciya yake yi a gindin gwangwani. Saboda haka ka girgiza shi minti 2 cur bayan ka fara jin ƙarar ƙwallon ciki. Ni karon farko ganda na yi, sai gefe ɗaya ya fito dishi-dishi, ɗayan yana sheƙi kamar an shafa mai.

Tazarar hannunka da tankin ta kai santimita 20 zuwa 25. Shafi na farko sama-sama, ka jira minti 10, ka ƙara biyu. In ka labta da yawa ƙyalli zai dawo, in ka yi nisa ya bushe a iska ya sauko da kaushi. Kar ka fesa ranar da iska ke da laima, fari-fari yake yi kamar hazo.

Kafin komai, gwada a kan wani guntun ƙarfe mai irin fentin. Kiliya mai tina mai ƙarfi, wato sinadarin tsinka fenti, tana iya yamutsa fentin mai, musamman wanda bai gama bushewa ba. Wane irin fenti ka sa a ƙasa?