Tambayoyinku kan SSD: wanne ne zai shiga kwamfutata?

Yawancin saƙonnin da suka shigo makon nan a kan nauyin kwamfuta ne da batun sanya mata SSD, wato ma'ajiyar bayanai ta lantarki da ke maye gurbin tsohon faifai mai juyawa, don haka na ware guda biyar da suka wakilci sauran.

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni ɗalibi ne a Zariya. Ina da laftof Dell Latitude E6430 da na saya ta hannu. In na kunna ta sai na yi alwala na dawo ba ta gama buɗewa ba. Wani abokina ya ce in sayi SSD mai suna NVMe, wai shi ne mafi gudu. Ya kake gani?

Amsa: Wa alaikumus salam. Abokinka ya faɗi gaskiya cewa NVMe ya fi gudu, amma kada ka saya, domin babu inda za ka soke shi a wannan kwamfutar. E6430 ta fito ne a 2012, kuma ramin ma'ajiyarta na SATA ne mai inci 2.5, wato tsohon nau'in mahaɗin faifai da ya riga NVMe. SSD ɗin da za ka nema shi ne wanda yake kama da ɗan ƙaramin akwati shafaffe, girmansa ɗaya da tsohon faifan da ke cikinta.

Kafin ka kashe ko kwabo, tabbatar da cewa faifan ne ke jawo nauyin. Danna Ctrl da Shift da Esc a tare, Task Manager zai buɗe, ka shiga sashen Performance. In ka ga Disk ya maƙale a kashi 100 alhali furosesa, wato CPU, tana hutawa, to ka kama ɓarawon. In kuwa Memory ce ta cika, RAM kake buƙata, wato ma'ajiyar wucin gadi da kwamfuta ke aiki a cikinta, ko kuma duka biyun.

Dalilin nauyin yana cikin yadda aka ƙera tsohon faifan, wato HDD. In ka taɓa ganin garmaho, kusan haka yake: faifai ne ke juyawa, yawanci sau 5400 a minti a laftof, ga wata allura tana kai-kawo a kansa tana neman inda aka rubuta abu. Duk fayil ɗin da Windows ta nema, sai allurar ta tashi ta je wurin, sannan ta jira faifan ya juyo. Wannan jiran bai wuce kashi ɗaya ko biyu cikin ɗari na daƙiƙa ba, amma lokacin kunnawa Windows tana neman dubban ƙananan fayiloli da ke warwatse, sai jiran ya taru ya zama mintuna. SSD ba shi da allura, ba shi da abin da ke juyawa. Bayanai na zaune ne a cikin ƙwayoyin lantarki irin na filashi, kuma isa ga kowanne yana ɗaukar kusan kashi ɗaya cikin ɗari na lokacin da HDD ke ɗauka.

Masu talla ba su cika bayyana wannan ba. Su lambar da ke jikin kwali suke nunawa: SATA megabait 550 a daƙiƙa, NVMe 3500, wani ma 7000. Mai saye sai ya ɗauka na 7000 zai buɗe masa Word sau goma sha biyu fiye da na 550. Ba haka abin yake ba. Waccan lambar gudun kwafe ƙaton fayil guda ne. A aikin yau da kullum, buɗe burauza da rubutu da kallon bidiyo, babban tsallen yana tsakanin HDD da kowane irin SSD na gaske. Daga SATA zuwa NVMe kuwa bambancin kunnawa 'yan daƙiƙoƙi ne, wanda in ba da agogo a hannu ba da wuya ka lura. Na sha sanya SATA mai rahusa a tsofaffin laftof, mai ita ya dawo yana tambaya ko furosesa na canza masa.

Nemi gigabait 256 in aljihu ya yi nauyi, 500 in da hali. Ban ba da shawarar 128 ba, Windows da sabuntawarta kaɗai za su cinye rabinsa, kuma SSD in ya cika maƙil gudunsa raguwa yake yi. Tsohon faifan kuma kada ka yar. Akwai wani ɗan gida da ake sayarwa wanda ake cire na'urar DVD a sa shi a gurbinta, sai tsohon faifan ya zauna ciki ya zama rumbun ajiyar bidiyo da hotuna, Windows kuma tana kan SSD.

Abu ɗaya da SSD ba zai gyara maka ba: furosesar E6430 zubi na uku ce ta Intel, Windows 11 kuwa a hukumance daga zubi na takwas take farawa, kuma Microsoft ta daina tallafa wa Windows 10 tun 14 ga Oktoba 2025. Don haka kada ka zuba mata kuɗin da ya kusa kai na wata kwamfutar. Amma SSD ɗin da ka saya ba asara ba ne, ranar da ka canza kwamfuta kana iya zare shi ka tafi da abinka.

Tambaya: Ina da shagon buga takardu da katin biki a Katsina. Kwamfutata tana ɗauke da ayyukan kwastomomi na shekaru, ga CorelDraw da aka saita min da haruffa masu yawa. Ina tsoron in aka canza faifai komai ya tafi.

Amsa: Hajiya, tsoronki yana kan hanya, kuma shi zai cece ki. Kafin kowa ya taɓa kwamfutar da sukudireba, kwafe ayyukan kwastomomi zuwa wani faifai na waje, ki buɗe wasu daga ciki ki ga suna buɗewa. Ki yi wannan da hannunki, kada ki bar wa mai gyara.

Bayan haka hanya biyu ce. Ta farko ita ce a kwafe tsohon faifan ɗungurungum zuwa sabon, da Windows da manhajoji da haruffanki da hoton da ke kan allo, abin da masu gyara ke kira kulonin. Ana haɗa sabon SSD ta wata waya mai kan USB, a kunna manhajar kwafewa, in ta gama a kashe kwamfutar a musanya faifan. Samsung suna da tasu manhajar kyauta wadda ke aiki in sabon faifan nasu ne, Western Digital ma suna bayar da Acronis ga masu faifansu, akwai kuma Clonezilla wadda kyauta ce ga kowa, sai dai tana son wanda ya san hannunsa. Ba dole sabon faifan ya kai tsohon girma ba a yawancin manhajojin nan. Abin lura shi ne yawan kayan da ke ciki. In tsohon terabait 1 ne amma gigabait 200 kawai kika cika, SSD mai 500 zai ɗauka. Clonezilla ce dai mai gardama a wannan wajen, ta fi son sabon ya kai tsohon ko ya fi shi.

Hanya ta biyu ita ce a sa sabuwar Windows daga filashi mai gigabait 8, sannan a sake saka manhajoji ɗaya bayan ɗaya. Ni da kaina ita na fi so, domin kulonin yana kwaso har dattin da ya taru shekara da shekaru, da ƙwayoyin cuta in akwai. Lasisin Windows ba ya ɓata, yana ɗaure ne da allon uwar kwamfutar, da zarar ta hau intanet za ta gane kanta. Amma ke da sana'arki ta dogara da saitin da ba ki san yadda aka yi shi ba, kulonin ya fi miki. Haruffan nan da kika tara, in suka ɓace, tsofaffin ayyukanki za su buɗe da wasu haruffa daban, katin da kika tsara ya wargaje.

Ki tambayi mai gyaran ko faifan yana kulle da BitLocker, makullin bayanai na Windows. In yana kulle, a ciro mabuɗinsa mai lamba 48 a rubuta a takarda tukuna. Kuma ki karɓi tsohon faifanki ki tafi da shi gida, ki ajiye shi wata guda ba tare da an goge ba. Sirrin kwastomominki ne a ciki.

Tambaya: Na sayi SSD an rubuta 500GB, na sa, kwamfuta ta nuna 465. An cuce ni ne?

Amsa: Ba a cuce ka ba. Kamfanoni suna ƙirga gigabait da dubu-dubu, Windows kuma da 1024, shi ya sa 500 ke fitowa 465, 256 ya fito 238, terabait 1 ya fito 931.

Cutar ta gaske ba ta nan take ɓuya ba, domin jabun SSD cikakkiyar lamba yake nunawa. Na taɓa faɗawa. Na sayi wani mai terabait 1 a farashin da ya kamata ya sa ni shakka, kwali mai kyau, suna sananne. Ya karɓi fayiloli lafiya lau, sai da na zo buɗe na baya-bayan nan na tarar duk sun lalace. Da na fasa shi, ɗan ƙaramin allo ne a ciki wanda aka yi wa dabara yana faɗin girman da ba shi da shi. Araha ba ta ado. Tun daga ranar ba na sa wa kowa faifai sai na gwada shi da H2testw, manhaja ce kyauta da ke cika faifan da bayanai har ƙarshe sannan ta karanta ta ga ko sun dawo daidai. Tana ɗaukar sa'o'i, amma ba ta ƙarya. Sai CrystalDiskInfo, wadda ke nuna awa nawa faifan ya yi a kunne da yawan abin da aka taɓa rubutawa a kansa. In an ce maka sabo ne ka ga awa dubu uku, ka san inda aka dosa. Ka yi sharaɗi da mai shago tun kafin ka biya cewa za ka dawo da shi in ya faɗi gwaji, ka karɓi rasit mai ɗauke da lambar jikin faifan.

Tambaya: An ce SSD yana da adadin rubutun da in ya kai sai ya mutu. Ga kuma wutar NEPA da ke ɗaukewa ba sallama. Ba gara in zauna da tsohon faifaina ba?

Amsa: Maganar adadin rubutu gaskiya ce, kowace ƙwaya tana gajiya in an yi ta gogewa ana sake rubutawa. Amma mu yi lissafi. Samsung 870 EVO mai gigabait 500 an ba shi garantin shekara 5 ko rubutun terabait 300. In kana rubuta gigabait 20 kullum, wanda ya fi abin da yawancin mutane ke yi, sai ka yi kwana 15,000, wato sama da shekara 40, kafin ka kai. Madannan kwamfutar da hinjinta za su riga shi tafiya. A laftof ma SSD ya fi jure wahala, domin faɗuwa ko girgizar babur da ke sa allurar HDD ta karce faifai ba ta dame shi.

Batun wuta ya fi cancantar damuwa. In laftof ce mai batir mai rai, babu matsala. In ta tebur ce, ko laftof da batirinta ya mutu tana rayuwa da caja, yankewar wuta a tsakiyar rubutu na iya lalata fayil, wani lokaci har ta rikita taswirar da faifan ke amfani da ita wajen sanin inda komai yake. Sayi UPS, na'urar da ke riƙe wuta na ɗan lokaci in an ɗauke, ko ka canza batir.

Inda HDD ya fi shi kirki shi ne wajen mutuwa. Tsohon faifai yakan yi gargaɗi, ka ji yana ƙas-ƙas, yana nauyi, ka samu damar kwashe kayanka. SSD kan tafi ne farat ɗaya, jiya lafiya, yau kwamfuta ta ce ba ta ganin faifai, kuma ceto bayanai daga cikinsa ya fi wuya da tsada. Haka fayil ɗin da ka goge bisa kuskure ka kuma share kwandon shara, akwai wani tsari mai suna TRIM da ke share gurbinsa ba da jimawa ba, manhajojin dawo da fayil ba sa samun komai. Saboda haka duk abin da ba za ka iya jure rashinsa ba, ya kasance yana wuri biyu.

Tambaya: Ina tace bidiyon biki da na waƙoƙi a Kano, da kwamfutar tebur mai ramin M.2. Ni ma SATA zan saya?

Amsa: A'a, kai ne mutumin da aka yi NVMe dominsa. Mai jan fayilolin 4K masu gigabait hamsin-hamsin daga kyamara yana cin moriyar waccan babbar lambar. Amma duba littafin allon uwar kwamfutarka tukuna, domin M.2 sunan siffar rami ne kawai. Wani ramin SATA kaɗai yake ɗauka, wani NVMe kaɗai, wani duka biyun. Duba kuma zubin PCIe ɗinsa, wato hanyar da bayanan NVMe ke bi: na 3.0 yana tsayawa wajen megabait 3500 a daƙiƙa, na 4.0 wajen 7000. Faifan 4.0 zai yi aiki a ramin 3.0, amma da gudun 3.0, ka ga ka biya kuɗin gudun da ba za ka gani ba. Lambar 2280 da za ka gani a kwali faɗi da tsawo ne, milimita 22 da 80, kuma shi ne girman da yawancin alluna ke ɗauka.

Ƙwayoyin ajiya iri-iri ne: nemi mai ƙwayoyin TLC, ka kauce wa QLC. Masu QLC suna fara kwafewa da gudu, in ɗan wurin da suka ware na gaggawa ya cika sai su faɗo, wasu har ƙasa da gudun HDD, kuma kai kullum a manyan fayiloli kake. Sa masa ƙarfen sanyaya a bayansa, yawancin alluna na zamani suna zuwa da shi. NVMe in ya haura digiri 70 yakan rage gudun kansa don kada ya ƙone, kuma a ɗakin tace bidiyo a Kano cikin watan Afrilu, ba tare da na'urar sanyaya ɗaki ba, kai wa nan ba shi da wuya. Lokacin fitar da bidiyo bayan ka gama tacewa kuwa aikin furosesa ne da katin hoto, kada ka sa ran faifai zai rage shi sosai. Inda za ka ji bambanci shi ne wajen shigo da fayiloli da jan layin tacewa gaba da baya ba tare da ya tsaya yana tunani ba.