Lambun da ya yi kama da daji

Ɗana, ka tambaye ni yadda aka yi lambunan Ingila da na nuna maka a hoto suke kama da wurin da hannu bai taɓa ba, alhali kullum ina ce maka aikinsu ya fi kowanne wuya. Tambayar ta yi mini daɗi, domin sai wanda idonsa ya fara buɗewa a sana'ar nan yake yin irinta.

Da farko lambun Turawan Ingila ba haka yake ba. A tsofaffin birane irin su York, inda har yau ganuwar dutse mai tsawon fiye da kilomita 3 take tsaye kuma lunguna suke da ƙunci, lambu ɗan fili ne a cikin katanga. Masu zuhudu na Kirista su suka fi ƙwarewa a kansa: sukan yanka fangali murabba'i, su bar 'yar hanya a tsakani yadda mutum zai yi cira ba tare da ya taka shuka ba, su cika shi da ganyen magani da kayan miya. Gidan ibadar St Mary da aka kafa a York a 1088, aka kuma rufe a 1539 zamanin Sarki Henry na Takwas, kangonsa yana nan a tsakiyar wani lambu da aka tsara a shekarun 1830, ciyawa da furanni suna kewaye da tsoffin duwatsunsa. A ganina kyan wurin daga wannan haɗuwar yake.

Abin da ka gani a hoto kuwa salon ƙarni na 18 ne, lokacin da masu gidajen gona suka gaji da miƙaƙƙun layuka da askakken shinge irin na fadar Versailles ta Faransa. Gwanin wannan salo shi ne Lancelot Brown, wanda ya rayu daga 1716 zuwa 1783, ya kuma tsara filaye sama da 170. A fadar Blenheim, wajen 1764, ya datse ƙaramin kogin Glyme har ya zama tafki, ruwan ya shanye ƙasan babbar gadar da ke wurin, amma baƙo zai rantse tun fil azal tafkin yake. Tuddan da kake zaton halitta ce, da shebur da baro aka tara su. Bishiyoyin ma gungu-gungu ya dasa su a inda ido zai sauka, yana sane da cewa ba zai ga girmansu ba.

Dabarar da na fi so ka riƙe ita ce wadda suke kira ha-ha. Gwalalo ne ake haƙawa a iyakar lambu, gefen da ke wajen gida a gina shi da dutse a tsaye daidai da bakin ƙasa, ɗaya gefen kuma a bar shi da gangara mai ciyawa. Tunkiya za ta gangaro tana kiwo, ta tarar da bango, ta juya. Maigida kuwa daga taga ba ya ganin shinge ko kaɗan, sai kore har inda ido ya tsaya. Ciyawar kusa da gida da dogon lauje ake yankanta, tun da sassafe raɓa ba ta bushe ba, domin injin yankan ciyawa sai a 1830 Edwin Budding ya ƙirƙiro shi.

Kada ka ce za ka kwafi shimfiɗaɗɗiyar ciyawarsu, domin su ruwan sama yana sauko musu kusan kowane wata, mu kuwa rani ya fi damina tsawo. Gobe idan mun isa filin da aka ba mu, ka ajiye fartanya tukuna, ka zauna a daidai inda mai gidan zai riƙa zama da yamma, ka faɗa mini abin da ya kamata ido ya gani da abin da za mu ɓoye.