Tafiyar kwale-kwale cikin fadama: me za a saya, me za a ara?

Tambaya: Assalamu alaikum. Mu takwas ne abokan aiki, muna so mu shiga fadamar da ke kusa da wani ƙaramin gari a kwale-kwale tare da jagora. Masu shirya tafiyar biyu ne. Ɗaya ya fi araha amma yana tara jama'a da yawa, ɗayan da ɗan tsada amma mutane kaɗan yake ɗauka. Wanne za mu zaɓa? Sannan ni ban iya ruwa ba, ko in sayi rigar ceto tawa?

Amsa: Wa'alaikumus salam, ɗan'uwa. Ka ajiye maganar kuɗi tukuna, ka kira su biyun ka tambayi kowa kwale-kwale nawa jagora ɗaya ke kula da su. A fadama hanyoyin ruwa suna ratsa cikin dogayen ciyayi, kowace kwana kamar 'yar'uwarta, wanda ya karkata sau ɗaya ba daidai ba sai sauran su neme shi su rasa. Jagoran da ke gaba da dogon ayari ba ya ganin na baya. Masu sanin aikinsu suna sa mutum biyu, ɗaya a gaba, ɗaya a ƙarshe. Ka kuma tambaye su me suke yi idan hadari ya haɗo. Amsar da ta dace ita ce a fita daga ruwa da zarar an ji tsawa, a jira minti 30 bayan ta ƙarshe. Wanda ya ce maka "ai ba komai", ka gode masa ka nemi ɗayan. In ni ne, ƙaramin ayarin zan bi ko da an ƙara kuɗi.

Riga kuwa, kada ka saya don tafiya ɗaya, hakkin masu shirya tafiyar ne su ba ka. Amma ka duba lambar da ke jikinta, wadda ke nuna ƙarfin da take ɗaga mutum da shi a ruwa. Mai 50N an yi ta ne don wanda ya iya ruwa, tana ɗan tallafa masa kawai. Kai ka nemi 100N ko sama, mai abin wuya da ke ɗaga kai. Ka ɗaure ta tsaf, abokinka ya kama kafaɗunta ya ja sama. In ta hau har kunnuwanka, ta yi maka yawa, a canza. Ka faɗa wa jagora tun a bakin ruwa cewa ba ka iya iyo ba, babu abin kunya a nan, zai zaunar da kai a tsakiya. Kuma komai kyan tsuntsun da aka nuna, kada ka miƙe tsaye.

Tambaya: Ina son kallon tsuntsaye. Mai shago ya nuna min madubin hangen nesa 8x42 da 10x50, ya ce na biyun ya fi ƙarfi. Wayata fa?

Amsa: 'Yar'uwa, gaskiya ya faɗa, amma ƙarfin ne matsalar. Lambar farko tana nuna sau nawa yake kusanto da abu, kuma duk yadda ya kusanto, haka yake ƙara girman girgizar kwale-kwale. Da 10x50 zalɓen da kike kallo zai yi ta rawa a idonki, ga nauyi a wuya. Ki ɗauki 8x42 wanda ruwa ba ya shiga.

Waya sai ki saya mata jaka mai alamar IPX8, wato wadda ruwa ba ya shiga ko an nutsa ta. Ki gwada ta a gida: ki sa takarda a ciki, ki rufe, ki nutsa a bokiti, ki ga ko ta jiƙe. Maganin sauro mai sinadarin DEET yana lalata roba, don haka ki wanke hannu kafin ki taɓa jakar ko madubin. In akwai zaɓi, ki bi tafiyar sassafe, lokacin tsuntsaye ke kiwo.

Tambaya: Sai na sayi takalmin ruwa?

Amsa: A'a, malam. Tsohon takalmi mai igiya ya isa. Silifa dai kada ka sa, laka za ta haɗiye shi. A ƙasashe masu zafi kuma ka tambayi jagora ko akwai tsargiya a ruwan kafin ka tsoma ƙafa.