Kamfani Zai Cike Mana Fadama Ya Gina Gidaje, Me Doka Ta Ce?

Tambaya: Barista, ƙauyenmu yana gefen Kano. Wani kamfani ya saye filayen da ke sama da mu, har da fadamar da ruwan damina ke bi ya sauka rafi, wai zai gina rukunin gidaje. Tifofi sun fara sauke jar ƙasa. Gidajenmu da lambunanmu a gangare suke. Tunda sun biya kuɗin fili, shi ke nan ba mu da ta cewa?

Amsa: Malam, kuna da ta cewa, amma ku yi hanzari tun ba a zuba harsashi ba. Alƙali ya fi saurin dakatar da ginin da ba a fara ba a kan ya ce a rushe wanda aka gama aka zuba mutane.

Sayen fili daban, izinin gini daban. Ko da takardar mallaka ta gwamna a hannunsu, sai hukumar tsara birane, wato KNUPDA a nan Kano, ta amince da taswirar ginin, har da inda magudanan ruwa za su bi. Ku rubuta mata ƙorafi, ku karɓi kwafin da aka buga wa hatimi.

Sannan akwai Dokar Tantance Tasirin Ayyuka ga Muhalli ta 1992. Ta wajabta cikakken bincike kafin a fara duk wani rukunin gidaje da ya kai hekta 50. Ana kai rahoton Ma'aikatar Muhalli ta Tarayya, a baje shi kwanakin aiki 21 don jama'a su karanta su faɗi ƙorafinsu. Nan ne wasu masu gini ke yin wayo: su yanka filin kashi-kashi, kowane kashi ƙasa da hekta 50. Don haka ku nemi girman filin gaba ɗaya, ba wanda aka fara sharewa ba. Ko bai kai ba, dokar ta shafi duk aikin da ake ganin zai yi wa muhalli babbar illa, kuma toshe hanyar ruwa ba ƙaramin abu ba ne. Ku tambayi ma'aikatar a rubuce ko an yi binciken. Dokar 'Yancin Samun Bayanai ta 2011 ta ba ta kwana 7 ta amsa. Ku aika wa NESREA, hukumar tabbatar da bin dokokin muhalli ta ƙasa, kwafi.

Sai dai kada ku dogara da tsoron tara. Mafi yawan abin da dokar 1992 ta ɗora wa kamfani naira miliyan ɗaya ne. Abin da mai gini ke tsoro shi ne umarnin kotu na tsayar da aiki.

A kotu, ni ba zan gina ƙararku kan sashe na 20 na Tsarin Mulkin 1999 kaɗai ba. Ya ce gwamnati ta kare muhalli, amma yana babi na biyu, wanda kotu ba ta tilasta aiki da shi kai tsaye. Hujjarku mai ƙarfi ita ce cutar da maƙwabci: wanda ya karkatar da ruwa ya auka wa gidanka ko lambunka, kana da ikon ƙararsa, har ka nemi a hana shi tun ɓarnar ba ta auku ba. A 1991, a shari'ar Adediran da kamfanin Interland, Kotun Ƙoli ta yarda mazauna unguwa su kai irin wannan ƙara da kansu, ba sai da izinin Antoni Janar ba. Ambaliyar rukunin gidajen Trademore a Lugbe, Abuja, a Yunin 2023, ta isa ta nuna wa kowa cewa fargabarku ba shaci-faɗi ba ce.

Amma alƙali hujja yake so. Ku ɗauki hoto da bidiyon fadamar yanzu, da kwanan wata. Ku yi karo-karo ku ɗauko injiniya ko safiyo ya auna gangaren ya rubuta rahoto. Ku sanar da mai unguwa da dagaci, ku zaɓi mutum uku ko huɗu su wakilce ku a rubuce.

Idan za ku haɗa da hukumar da ta ba da izini a ƙarar, ku lura: dokar kare jami'an gwamnati wata 3 kacal ta bayar a shigar da ƙara. Kada kowa ya tare tifa ko ya taɓa kayan aikinsu, don kada mai ƙara ya koma wanda ake tuhuma. In kuma suka zo da kuɗin "sulhu" da takarda, kada a sa hannu sai lauyanku ya karanta, ya tabbatar an rubuta girman magudanar da za su gina da ranar da za su gama ta.