Wane rubutu ne wannan mai kamar an ja shi da burushi?

Tambaya: Assalamu alaikum malam, ina sayar da zoɓo da kunun aya a Zariya, inaso in haɗa sitikar gorunana da manhajar PixelLab a wayata. Akwai wani rubutu mai kauri da nake gani a allon shagunan shawarma, haruffan a manne da juna kamar an ja su da burushin fenti, meye sunansa, kuma zan iya rubuta komai da shi har lambar waya?

Amsa: Wa alaikumus salam hajiya, Allah ya sa albarka a kasuwa. Irin wannan rubutu brush script ake ce masa, kwaikwayon hannun masu zanen allo ne, shiyasa zaki ga wani wajen layin yayi kauri wani wajen ya sirance kamar fentin na ƙarewa a burushin. Wanda ya fi shahara mai suna Brush Script ɗin kansa Robert E. Smith ne ya zana shi a Amurka a 1942, kuma shi ne wanda ake gani a Microsoft Word da sunan Brush Script MT. A waya kuwa ni Kaushan Script ko Pacifico nake baiwa mutane shawara, duka suna shafin Google Fonts kyauta kuma an yarda ki yi kasuwanci da su, ba kamar wasu na shafin Dafont ba da za'a rubuta amfanin kai kaɗai. Ki sauke fayil ɗin rubutun, wanda sunansa ke ƙarewa da ttf, ki shiga wajen font, wato salon rubutu, a PixelLab ki ɗora shi a My Fonts, shikenan.

Toh amma maganar rubuta komai da shi, dan Allah kar ki yi. Wannan rubutun na kanu ne, sunan sana'arki kawai, kalma biyu ko uku a girme su cika ido daga nesa. Da kin rage shi kika sa lambar waya da adireshi a sitika ƴar ƙarama haruffan zasu cakuɗe, 1 ta zama kamar 7, gashi gorar ta fito daga firij tana zufa, mai saye ya kasa kiranki alhali dan ya kira ki aka buga sitikar. Lamba da adireshi ki sa su da rubutu miƙaƙƙe irin Noto Sans. Kuma kada ki rubuta shi da manyan baƙi duka, an zana shi ne ƙananan su riƙe hannun juna, manyan in suka jeru basa karantuwa sam.

Abinda ya fi damuna shi ne ƙ, ɗ, ɓ da ƴ, da yawan waɗannan rubutun basu da su. Kafin ki kai wajen mai firintin ki gwada rubuta zoɓo, in kika ga akwati ko ɓ ɗin ta fito da wani salo daban, ki canza font ɗin ki gwada wani har ki samu mai su.