Lambar jarumtakar sojan Koriya ta Kudu: sunayen nan daga ina suka fito?

Malam, ka tambayi dalilin da ya sa lambar yabon sojan Koriya ta Kudu take da sunaye barkatai. Ai lamba ɗaya ce, Mugong Hunjang, mai matakai biyar. An ƙirƙiro ta a 1950, ana tsaka da yaƙin Koriya.

Taegeuk ce babba, ta ɗauki sunan da'irar nan mai ja da shuɗi da ke tsakiyar tutarsu. Sai Eulji, don tunawa da Eulji Mundeok, janar ɗin da ya karya rundunar daular Sui ta Sin a kogin Salsu a 612. Chungmu laƙabin Yi Sun-sin ne, sarkin yaƙin ruwa da ya hana Japanawa sakat. Hwarang matasan mayaƙan Silla ne, wata tsohuwar masarautar Koriya. Inheon, wadda aka ƙara daga baya, laƙabin Gang Gam-chan ne, janar ɗin da ya fatattaki Khitan, mahara daga arewa, a 1019. Ni dai Chungmu ta fi burge ni, ko da yake ta uku ce.

Ko a wajen sakawa akwai bambanci. Taegeuk da faffaɗan kyalle ake ratayawa daga kafaɗa zuwa ƙugu, Eulji da Chungmu kuwa a wuya.