Ku Tambaya, Mu Amsa: Idan aka kai wa alƙalin wasa hannu

TAMBAYA: Assalamu alaikum. Shekarata biyu ina hura usur a gasar unguwanni. A wani wasan kusa da na ƙarshe na ba da fenariti ana saura minti biyar a tashi, sai 'yan wasa suka yi mini zobe, ɗaya ya ci kwalar rigata, wani ɗan kallo kuma ya kwaɗa mini dutse a ƙeya. Shugaban gasar ya roƙe ni in yi haƙuri in ƙarasa wasan, na ƙarasa. Na yi daidai? Daga wani mai karatu a Zariya.

AMSA: Wa'alaikumus salam. Sannu, Allah ya tsare gaba. Amma gaskiya ba ka yi daidai ba, kuma kafin maganar ƙwallo bari mu fara da ƙeyar taka. Duk wanda aka buga a kai, asibiti ya kamata ya nufa a ranar, ko da yana jin garau. Ciwon kai mai ƙaruwa, amai, jiri, yawan barci ko ruɗewar magana alamu ne na rauni a cikin ƙoƙon kai, kuma sukan ɗauki awanni kafin su bayyana. A watan Disambar 2012, a garin Almere na ƙasar Holan, wasu 'yan wasa samari sun lakaɗa wa Richard Nieuwenhuizen duka bayan tashi daga wasan matasa. Mutum ne mai shekara 41 da ke ɗaga tuta don sa kai. Ya tashi da ƙafarsa, bayan 'yan awanni ya yanke jiki ya faɗi, washegari ya rasu.

Yanzu ga abin da dokokin ƙwallo suka ba ka. Wanda ya ci kwalarka jan kati ne kai tsaye a ƙarƙashin Doka ta 12, babu zancen gargaɗi. Doka ta 5 kuma ta ba ka ikon tsayar da wasa, ko ɗage shi, ko tashinsa gaba ɗaya idan wasu daga waje suka tsoma hannu, kuma jifa na cikin wannan. Shugaban gasa ba shi da hurumin tilasta maka ci gaba. Tunda dutse ya same ka, abin yi shi ne ka kira mataimakanka biyu su zo kusa da kai, ka duba agogo ka rubuta minti da sakamakon da ake ciki, ka shaida wa kyaftin-kyaftin biyu an tashi, sannan ku fice ku uku tare. Idan ka ga ɗaga katin zai ƙara rura wutar, bar shi a aljihu, ka riƙe lambar rigar mai laifin. Makomar wasan kuwa ba aikinka ba ce: Doka ta 7 ta ce a sake buga shi, sai dai in ƙa'idojin gasar ko masu shirya ta sun tanadi wani abu daban.

Daren ranar ka rubuta rahoto tun abin na sabo a ranka. A nan ne yawancin alƙalai ke zubar da haƙƙinsu, sai ka ga an rubuta "'yan wasa sun yi rashin ɗa'a", wanda ba kwamitin da zai hukunta kowa da shi. Rubuta abin da ya faru ƙeƙe-da-ƙeƙe: a minti na 85, mai lamba 4 ya riƙe kwalata da hannun dama, ya ce kaza. Haɗa da hoton raunin, takardar asibiti da bidiyon waya idan wani ya ɗauka. Kwafi ɗaya ga kwamitin gasar, ɗaya ga reshen ƙungiyar alƙalan wasa na jiharku, ka ajiye ɗaya. Dukan mutum laifi ne a dokar ƙasa ko a filin ƙwallo aka yi shi, saboda haka kana da damar kai ƙara ofishin 'yan sanda.

Mun san gobe dattawan unguwa za su zo da "a yi haƙuri, yara ne". Ka karɓe su da mutunci, in ka so ka yafe a karan kanka, amma kada ka janye rahoton. Ƙungiyar da ta ga dutse ya yi mata aiki ba a hukunta kowa ba, a wasan gaba da shi za ta zo.

TAMBAYA: Muna shirya gasar 'yan ƙasa da shekara 15 a filin firamare da ba shi da shinge. Me za mu yi tun kafin a take leda? Daga sakataren wani kwamitin matasa, Maraɗi.

AMSA: Malam sakatare, yawancin rikicin da ake ɗora wa alƙali, masu shirya gasa ne suka bar masa ƙofa a buɗe. Sayi igiya da turaku ka zagaye filin, a bar tazarar mita biyu zuwa uku daga layi, domin ɗan kallon da numfashinsa ke dukan wuyan mai tuta shi ne na farkon faɗawa fili. Magoya bayan ƙungiyoyin biyu kowa da ɓangarensa, bayan raga kuma a bar shi fayau. A share filin daga duwatsu da guntayen bulo kafin jama'a su taru. Rubuta wa ofishin 'yan sanda mafi kusa wasiƙa da jadawalin wasanni, ka sanar da mai unguwa, kowace ƙungiya kuma ta kawo manya biyu ko uku da aikinsu tsare nasu mutanen.

Alƙali ya zo daga wata unguwa, kuma kwamiti ne zai biya shi kafin wasa. Ranar da kuɗinsa ya fito daga aljihun masu masauki, an gama shuka zargin "an saye shi". A tanadar masa wurin canza kaya da babur ko mota a bakin mafita. Duk ƙungiya ta sa hannu a ƙa'ida rubutacciya tare da kuɗin ajiya da za ta rasa idan nata suka taɓa alƙali, da korar ta daga gasar.

Akwai kuma tsarin "kyaftin kaɗai" da hukumar dokokin ƙwallo, IFAB, ta saka a dokokin kakar 2025/26. A wasannin matasa, idan 'yan wasa suka taso wa alƙali, zai ɗaga hannuwa sama ya gicciya su, sannan ya tura tafukansa gaba. Daga nan duk wanda ba kyaftin ba ya ja da baya mita 4, wanda ya ƙetare katin gargaɗi ne. Sai dai a rubuta shi a ƙa'idojin gasar, a gwada wa yaran alamar kafin wasan farko.

TAMBAYA: Shin koci ma ana ba shi kati? Namu shi ke fara zagin alƙali, yaran su ɗauka. Daga wata uwa a Kano.

AMSA: Ana ba shi, Hajiya, tun 2019: na gargaɗi, ko ja wanda zai sa ya bar bakin fili. Idan zagin ya fito daga benci ba a gane mai yinsa ba, babban koci ne ke ɗaukar katin. A Ingila, tun kakar 2019/20, ɗan wasan da ya yi wa alƙali gardama a ƙananan gasanni ana fitar da shi na minti 10 ya huce, kuma dokokin ƙwallo sun halatta wannan ga kowace gasar matasa da ta zaɓe shi. Ki nemi wasu iyayen biyu ko uku ku kai ƙorafi a rubuce ga shugabannin ƙungiyar, da kwanan watan wasannin da abin ya faru.